Gini Ma Malami Ne: Tambaya a Kan Hasken Rana da Makarantunmu

Duk lokacin da kwamitin gini ya zauna a kan zancen sabuwar makaranta, maganar takan bi hanya ɗaya. A ƙidaya azuzuwa, a yi lissafin buhunan siminti da bandir ɗin kwano, a yi gardama a kan wanda za a ba kwangila, sa'an nan can a ƙarshe, sa'ad da kowa ya gaji, wani ya tuna cewa ana bukatar janareta. Da wuya a ji wanda ya ɗaga hannu ya tambayi abin da ginin kansa zai koya wa yaran da za su zauna a cikinsa shekara shida. Ina so in nuna wa 'yan'uwa masu karatu cewa wannan tambaya ta ɗabi'a ce da ta bangaskiya, kuma ta shafi ekklesiya kai tsaye.

Mubi gari ne na makarantu. Kwalejin Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, an dawo da ita nan a 1982. Jami'ar Jihar Adamawa ta buɗe a 2002. Ga makarantar tauhidi ta Kulp a Kwarhi, ga makarantun sakandare na gwamnati da na ekklesiyoyi da na masu zaman kansu, har ba a iya lissafa su da yatsu. Dubban matasa ne suke kwana suna tashi a waɗannan wurare. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, kwanon rufi ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ɗalibai su riƙa fifita da littattafansu. A daidai lokacin da rana take zubo ƙarfinta kyauta a kan rufin, a ƙarƙashinsa akawu yana neman kuɗin da zai sayi man da aka ɗauko a tanka daga wata uwa duniya domin a juya fanka. Mun saba da wannan har ba ma ganin abin mamaki a ciki.

Ɗalibi yana da malamai biyu. Na farko yana tsaye a gaban allo, yana magana minti arba'in ya fita. Na biyu ba ya magana, amma ba ya fita: shi ne bangon, da tagar, da murhun ɗakin girki, da bolar bayan ɗakin kwana. Malamin addini zai iya buɗe Farawa 2:15 ya bayyana cewa aiki biyu aka ba mutum a gonar Adnin, ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Yaron da ya ji wannan da safe zai ga motar itace tana sauke kaya a ɗakin girki da yamma, ya san an saro itacen nan daga dajin da ba wanda ya dasa ko tsiro ɗaya a madadinsa. Zai ga an bar fitilu a kunne da rana tsaka domin ba wanda ya ɗauki kashe su aikinsa ne. In malaman nan biyu suka saɓa wa juna, na biyun ne yake yin nasara, gama shi ne yake nuna abin da manya suka gaskata da gaske.

A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka mai suna Lynn White ya rubuta wata maƙala da ta tayar da ƙura, inda ya ɗora wa Kiristancin ƙasashen Yamma babban kaso na laifin lalata muhalli. Hujjarsa ita ce umarnin da ke cikin Farawa 1:28 na mallakar duniya ya sa mutum ya ɗauki kowace halitta kamar kayan aikinsa. Masana tauhidi da yawa sun mayar masa da martani, kuma ina ganin suna da gaskiya a kan ma'anar ayar. Mu a wannan yanki ba ma bukatar dogon bayani, domin mun san kiwon amana. Mutum yakan ba makiyayi shanunsa, makiyayin yana da iko a kansu kwana da tashi, shi ne yake zaɓar musu makiyaya da mashaya, yana shan nononsu, amma ya san akwai ranar da mai shanu zai zo ya ƙidaya. Irin ikon da aka ba Adamu ke nan. Sai dai amsar da aka ba White a takarda ba ta wanke mu ba, in har yadda muke gina makarantunmu yana goyon bayan zarginsa. Wanda ya ce shi makiyayi ne amma kullum wuƙa ce a hannunsa, mahauci mutane za su kira shi.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, suka mamaye Kwarhi, har hedkwatar ekklesiya ta yi ƙaura zuwa Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u, an watsa iyalai, an bar mana gwauraye da marayu masu yawa. Wasu ikilisiyoyi sun yi shekaru suna sujada a ƙarƙashin rumfa. Mai wannan hujja yana cewa: da wace fuska za ku zo wa mutanen da suke neman kuɗin makarantar marayu da zancen farantan sola da batura masu tsada? Ashe wannan ba damuwar ƙoshassu ba ce, ta mutanen Turai da suka ƙone gawayin ƙasa shekara ɗari biyu suka yi arziki, yanzu kuma suke yi wa matalauta wa'azin tsimi?

Rabin wannan magana gaskiya ce. Ba mu ne muka cika sararin sama da hayaƙi ba, kuma inda zaɓi ya tsaya tsakanin rufin aji da farantan sola, to rufi ne farko, ba gardama. Amma sauran rabin yana ɓoye wani abu. A Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci. Lissafin da muke yi gajere ne. Janareta yana da araha ranar saye, yana da tsada kowace rana bayan haka. Sola kuwa tsadarta a rana ɗaya take, farantan kuma sukan yi shekara ashirin da biyar suna aiki, ga shi farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira dubu a 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu samun wuta mafi yawa daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, manyan jami'o'in ƙasar nan suka yi ta kuka. Wa ya biya duk wannan? Kwamitin da ya sayi janareta an tafa masa ranar buɗe gini, ya sauka da yabo. Shugaban makarantar da ya gaji kujerar ne yake bin bashi, shi kuma ya ƙara kuɗin makaranta, ƙarin ya sauka a kan gwauruwar nan da aka ce saboda ita ba za a yi zancen sola ba. Zaɓin da ya sauƙaƙa wa masu yanke shawara ya ɗora nauyi a kan waɗanda ba su zauna a taron ba, ko a gida ko a ekklesiya, zalunci ne, ko da ba a yi shi da mugun nufi ba.

Kafin ma a kai ga farantai, akwai wutar da ta fi kowace araha, wato wadda ginin bai bukace ta ba. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wani ɗan ƙauyen mai suna Francis Kéré, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a Jamus, ya gina makarantar firamare da aka gama a 2001. Da tubalin jar ƙasa aka gina ta, an ɗan gauraya da siminti, mutanen ƙauyen ne kuma suka yi aikin da hannunsu. Ya ɗaga kwanon rufin sama da silin na ƙasa mai ƙananan ramuka, yadda iska mai zafi za ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker a 2022. Abin da ya fi burge ni shi ne yaron Gando yana girma da sanin cewa ƙasar garinsu ba abin kunya ba ce. Mu kuwa muna gina akwatin bulo mai ƙananan tagogi, mu sare darbejiya da tsamiyar da ke filin domin a ga gini daga bakin hanya, daga baya mu nemi na'urar sanyaya ɗaki. Ga Sukur can a Madagali, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999 saboda gonakinta na hawa-hawa da ginin dutse. Kakanninmu na duwatsun Mandara sun san yadda ake riƙe ƙasa da ruwa a kan gangare tun kafin a zo da kalmar muhalli. Juya dogayen bangayen aji su fuskanci kudu da arewa, faɗaɗa baranda, barin itatuwa a gefen yamma, ba ɗaya daga cikinsu da yake cin kuɗi mai yawa. Tunani kawai suke ci kafin a haƙa harsashi.

Sai dai kuma, makaranta ta mallaki sola daban, ta koyar da ita daban. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta. Abin da ya kamata mu lura da shi a wannan shiri shi ne an haɗa shi da cibiyar horo, aka kuma ɗauki ɗalibai mata suka koyi aikin tun ana kafa tashar. Ba mu da kuɗin megawat, amma wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. Haɗarin da nake gani shi ne wani mai taimako ya kawo kaya, ɗan kwangila daga nesa ya ɗaura, a kulle ɗakin batura, a rataya allon gargaɗi, makullin ya tafi aljihun mutum ɗaya. Irin wannan sola tana koyarwa ita ma, amma mugun darasi: cewa haske abu ne da manya suke kawowa daga waje, in ya lalace sai a zauna a jira su. Duk mai bin hanyoyinmu ya ga sandunan fitilun sola a tsaye kamar busassun itatuwa, an kafa su da biki, sun mutu cikin shekara biyu saboda batir ko ɗan waya da yaro mai wata uku a koyon aiki zai iya gyarawa.

Ekklesiyarmu ta taɓa sanin hanyar da ta fi wannan. Tun daga sujadar farko da Stover Kulp da Albert Helser suka yi a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, wa'azi bai rabu da makaranta da asibiti da gona ba. A shekarun 1970 shirin Lafiya ya sa ƙauyuka suka zaɓi mutanensu aka horar da su a Garkida, suka koma suna koyar da kiwon lafiya ta hanyar labarai. Shirin haƙa rijiyoyi ma haka ya tafi, mutanen gari ne suke ba da ƙarfinsu, saboda haka rijiyar tasu ce. A Indiya, wata makaranta da ke ƙauyen Tilonia tana ɗaukar mata daga ƙauyukan Afirka da Asiya, da yawansu kakanni ne da ba su iya karatu ba, ta koya musu haɗa wutar sola cikin wata shida ta hanyar launuka da nuni da hannu, su koma su haskaka garuruwansu. In kaka da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta iya, Zumuntar Mata ba ta da dalilin tsayawa a dafa abinci ranar buɗe gini.

Me ɗalibi zai koya a makarantar da aka bar ƙofar ɗakin wuta a buɗe? Zai koyi cewa ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, saboda haka aji-aji za a riƙa karɓar aikin sharewa. Zai karanta mita safe da yamma ya rubuta a allo, ya ga bambancin ranar hadari a watan Agusta da ranar Maris, lissafin da yake gudu a littafi ya zama abin da yake taɓawa. Zai gane cewa dutsen guga ɗaya yana shan abin da ƙananan fitilun zamani ɗari suke sha. Amma darasin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na iyaka. Wutar rana tana da kama da mannar da aka ba Isra'ilawa a jeji cikin Fitowa sura 16: kowace safiya take zuwa, ta ishi ranar, abin da za a iya ajiyewa kuwa kaɗan ne. Batir rumbu ne ƙarami. In rana ta faɗi dole a yanke shawara, ɗakin karatu ne zai sami wuta har ƙarfe goma, ko firjin gidan shugaba, ko ɗakin shan magani? Janareta yana ɓoye wannan tambaya muddin akwai mai bin bashin mai. Sola tana fito da ita fili kowane dare. Makarantar da ta bar ɗalibai da malamai suka zauna tare suka raba wannan ɗan abin da adalci, shugaba ma ya yarda a kashe nasa in an kashe na kowa, ta koyar da tarayyar masu bi fiye da wa'azi goma.

(Wani dattijo zai iya tambaya ko yawan zancen rana ba zai kai yara ga girmama halitta fiye da Mahalicci ba, tunda Maimaitawar Shari'a 4:19 ta yi gargaɗi a kan sujada ga rana da wata. Ni dai ban ga wanda ya fi sanin cewa rana baiwa ce mai aiki ba kamar wanda ya sa ta jawo masa ruwa daga rijiya.)

Kada kuma mu yi taƙama cewa hannunmu ya fita tsab. Batura masu araha da aka fi saye a kasuwanninmu na dalma ne, a zafin nan namu sukan mutu cikin 'yan shekaru, daga nan su faɗa hannun 'yan gwangwan, a fasa su a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a bayan gida. Mun ga abin da dalma take yi wa yara a Zamfara a 2010, inda sama da 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wasu batura na zamani kuma suna ɗauke da ƙarfen kobalt, wanda kusan kashi bakwai cikin goma na abin da duniya take haƙowa daga Kwango yake fitowa, inda aka sha samun yara a cikin ramukan haƙa. Makarantar da ta sayi batir ba ta tambayi inda zai je in ya mutu ba, ta ɗauke hayaƙi daga harabarta ne ta kai guba unguwar wani. Ya kamata yarjejeniyar saye ta ƙunshi mayar da tsohon batir ga mai sayarwa, a kuma faɗa wa ɗalibai dalili.

Ɗakin girki ma yana nan, wanda masu zanen makaranta suke turawa can bayan fili domin kada baƙi su gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3 a 2020, mata da yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Faranti ba zai tuƙa tuwon mutum ɗari biyar da araha ba. Amma murhu mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonewa ƙwarai, makaranta tana iya dasa gandun itacenta, kashin shanu kuma yana ba da iskar gas ta girki in aka tara shi a rufaffen rami. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan waɗannan tun shekarun 1980. Garin da yake da kasuwar shanu irin ta Mubi bai kamata ya rasa makaranta ko ɗaya da take dafa abinci da wannan gas ba.

Saura zancen maƙwabta. Matiyu 5:45 ya nuna cewa Uba yana fito da rana ga kowa ba tare da ya tantance halinsu ba, kuma a cikin zancen ƙaunar maƙiyi ne Ubangiji ya kawo wannan. Makarantar ekklesiya da take walƙiya da dare a tsakiyar ƙauye mai duhu, da dogon katanga da waya mai ƙaya, tana faɗa wa na waje wani abu game da Allahn da ake bauta wa a ciki. Bayan abin da ya faru a 2014 amana tsakanin Kirista da Musulmi ta yi rauni a wurare da yawa, mu kuwa ekklesiya ce da ta gaji koyarwar salama. Famfon rijiyar burtsatse mai aiki da sola ba ya gajiya da tsakar rana, lokacin da tanki ya riga ya cika. In aka fitar da bututu ɗaya ta katanga zuwa bakin hanya, aka sa 'yan wuraren cajin waya a ƙofar shiga, aka karɓi samarin unguwa ba tare da tambayar addininsu ba a ajin koyon haɗa wuta na lokacin hutu, asarar da makaranta za ta yi kaɗan ce. Na san za a ce ɓarayi za su kwance farantan, kuma sata gaskiya ce. Amma farantin da unguwa duka take shan ruwansa yana da masu gadi fiye da wanda mai gadi ɗaya yake tsaro.

A farkon makarantar Kulp, ɗalibai suna karatun Littafi Mai Tsarki suna kuma noma, ana koya musu huɗa da shanu, domin an san mai bishara zai je ƙauyen da albashi ba zai riƙe shi ba, kuma garmarsa za ta buɗe masa ƙofofin da baki kaɗai ba zai buɗe ba. Yawancin waɗanda muke yayewa yau ma ƙauyuka za su tafi, wasu a gindin duwatsu inda turakun lantarki ba su taɓa isa ba, wasu inda aka sare wayoyin lokacin tashin hankali. A can za su tarar da ɗakin haihuwa da ake haska shi da tocilar waya, da faranti ɗaya a kan rufin majami'a wanda ya daina aiki tun bara. Mako shida na koyon gwada batir, ɗaura waya da lissafin abin da faranti zai iya ɗauka, in aka sa shi cikin manhajar shekarar ƙarshe, ya isa fasto ko matarsa su hau tsani su duba.